Inna Ba Ta da Gidan Sama

Muna layin awon auduga a Funtua, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, ina ba abokina Tanko labarin fim ɗin da na gani: wani Bature mai gidan sama yana shan jinin talakawan garinsa.

Tanko bai yi dariya ba. An kori mahaifiyarsa daga ƙauyensu wajen Malumfashi, wai mayya ce.

Ya ce, "Sun kore shi?"

Na ce, "Ina! Durƙusa masa suke yi."

Ya ce, "Ka gani ko? Inna ba ta da gidan sama."

Kunya ta kama ni, don ni ma na guji tuwonta. Ranar Juma'a na je na ci, na roƙe ta gafara.

A garinku, wa aka taɓa yi wa haka?