Malam Lawal da Gwangwanin Rasit

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zaune a bencin ƙaramin asibitin unguwarmu ta Ƙofar Guga, ɗiyata Hadiza na ciki tana fama da naƙuda tun bayan asuba, aka bugo mani waya: Malam Lawal ya rasu.

Shi ya koya mani boko a ajin yamma, na riga na fara furfura, ina sayar da hatsi a kasuwa.

Littattafai ba su ishe mu ba, sai ya ce kowa ya zo da rasit ɗin harajin rumfarsa mu koyi karatu da shi. Muka yi tsuru-tsuru. Babu mai ko ɗaya. Mun saba miƙa wa mai karɓar haraji rabin kuɗin ya sa aljihu, kowa ya huta.

Malam ya dube ni. "Malam Sani, kai da ke auna gero, tiyar da ba ta shiga rumbu ba, ita za ka ɗebo ranar yunwa?"

Muka koma biya cikakke, muna tara rasit a gwangwanin madara. Da ciwo, wallahi.

Da soja suka koma bariki aka zaɓi kansila, muka je neman asibiti a unguwa. Ni na fi kowa naci, don a hanyar babban asibiti matata ta rasa ɗanmu na fari.

Kansila ya ce babu kuɗi. Malam ya juye gwangwanin a teburinsa. "Ranka ya daɗe, ga abin da ya shigo daga layin hatsi kaɗai. Ta ina ya fita?"

Ba a gina nan take ba. Mun yi sintiri har masinja ya daina tambayar sunayenmu. Amma an gina, shi ne wannan da nake zaune a bencinsa.

Juma'ar da ta wuce na je duba Malam, murya ta yi ƙasa. Ya tambayi Hadiza, sannan ya ce, "In ta sauka ka biya kuɗin kati, kada ka ba ni kunya."

Yau kuwa, bayan wayar nan, ban gama share hawaye ba unguwarzoma ta leƙo. "Baba, an sauka lafiya. Mace ce, da uwa da ɗiya ƙalau."

Alhamdulillahi!

Na je wurin ma'aikaciya na biya kuɗin katin, na tsaya ƙyam. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, da saura?" Na ce rasit, 'yata.

Yana aljihuna. Da shi zan tafi jana'iza.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ladan duk jaririn da ya yi kukan farko a ɗakin nan a mizaninsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mashi Fatiha, ya sa wa jikata albarka.