Mama Rebeka da Dawakan Landan

Madam Patricia ta ce kayan wasan makarantarta daga Landan ta zo da su, a cikin akwatinta. Ta ce katakon Landan ba ya tsagewa, ba ya riƙe datti, gara ma in ta hango shi sai ta canja hanya. Haka take faɗa wa duk wanda ya kawo ɗansa nasare ɗinta a Nukkai, tun lokacin da aka ba mu jiha ma'aikata suka cika Jalingo. Ni ban taɓa zuwa Landan ba. Iyakata Yola, shi ma biki ne ya kai ni. Don haka ba zan yi musu ba.

Amma ba Madam na zo yi wa jinjina ba. Mama Rebeka ce, mai shara a makarantar, wadda ta ajiye tsintsiya a ƙarshen zangon nan saboda ciwon gwiwa. Zana ce ta raba tsakar gidanmu da nata, kuma zanar duk ramuka ce.

Kullum kafin yara su iso ta share aji, ta cika randa. Ranar Juma'a in an tashi sai ta shimfiɗa tsohon zane, ta tattara dawakan katako da motoci da 'yan tsana, ta ɗaure, ta ɗora a ka zuwa gida. Ba wanda ya sa ta. Asabar da safe za ka same ta ƙarƙashin mangwaro da kwanon ruwan ɗumi, ta zuba gishiri ta matsa lemun tsami. Ba ta jiƙa su, ta ce katako in ya sha ruwa fushi yake yi. Tsumma take tsomawa ta matse, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Busasshen koko da majinar da suka maƙale a lungun taya, da tsinken tsintsiya take sakato su. Ta shanya a inuwa, ba a rana ba. In sun bushe ta murza musu man kaɗe, don ta san duk abin da ta shafa a cikin yara zai ƙare.

Akwai kuma abu na ƙarshe, wanda ya ja mata. Kowane abin wasa sai ta goga shi a leɓenta. Hannunta ya yi kanta, ba ya jin sartse, amma leɓe yana ji. Inda ya soke ta sai ta bi da samfefa. Tana yi tana waƙar zumuntar matan majami'a ƙasa-ƙasa.

Lydia mai ƙosai, da ke ɗakin da ke kallon nata, ita ta fara kirana.

“Ke, zo ki gani. Magana take musu a kunne.”

Na ce, “Anti Lydia, dokin katako ne fa.”

“To ba shi da kunne? Duba da kyau. Kuma ki gaya mini, mace ba miji ba ɗa, me za ta yi da yawun 'ya'yan mutane duk mako?”

Daga nan magana ta fara yawo. Ba wanda ya furta kalmar, amma kowa ya san maita ake nufi. Wanda ya saba shan kununta ya ce yanzu tsamiya na damun cikinsa. A majami'a benci ya yi mata faɗi, ita kaɗai a kai kamar baƙuwa ta musamman.

Sai Joan, 'yar Oga Barnabas na sakatariya, ta kwanta zazzaɓi. A makon ne kuma Lydia ta ga Mama Rebeka ta sa jan doki a murhu, wanda duk makaranta an san Joan ba ta rabuwa da shi, kansa kullum a bakinta yake. Kafin yamma labari ya kai har unguwar Yelwa. Mai gidan haya ya zo ya tsaya a ƙofarta, bai shiga ba, ya ce wataƙila ɗan'uwansa zai buƙaci ɗakin. Oga Barnabas kuma, mutumin da ko jana'iza da fayil yake zuwa, ya ce a kira taron iyaye.

Ni na san dalilin ƙona dokin, don ramin zana ya fi ƙofar Lydia kusa. Katakon Landan ɗin nan yana tsagewa kamar na kowa. In ya tsage, koko ya shiga, ciki ya yi baƙi, tsinke ba ya kaiwa. Sai Mama ta kai wa Baba Zacchaeus, kafinta a Yelwa, ya duba ya sassaƙa mata irinsa da ragowar katako. Tsohon dokin kuma ta ƙona, don kada wani yaro ya tsinta a bola ya mayar baki.

Na ce, “Mama, ki faɗa musu mana.”

Ta ce, “'Yata, in na faɗa, Madam ta zama maƙaryaciya a gaban iyaye. Ranar da mijina ya mutu ita ta kira ni ta ba ni tsintsiyar nan.”

“To su kore ki daga ɗaki?”

Ta ɗauki wata mota ta goga a leɓe.

Bari in yi godiyata tun nan, don in na kai ƙarshen taron ba ni da abin ƙarawa. Mama Rebeka, ke ce kike tsuguno da wannan gwiwar kina sakace majinar 'ya'yan da iyayensu ke canja hanya in sun hango ki. Ke ce sartse ke soka don kada ya soki yaro. Uwar dawakai, mai leɓen gwaji. Ba ki taɓa tsayawa a hoton ƙarshen shekara ba, kullum kina riƙe wa wani jaka. Mun gode. Ubangiji ya sanyaya gwiwar nan. Ku kuma masu yara, ku leƙa ƙarƙashin gado ku ciro abin da ɗanku ke tsotsa. Ku goge, ku shanya a inuwa. In kuna jin kunyar sa shi a leɓenku, to me yake yi a bakin ɗanku?

Ranar taro aji ya cika, manya sun lanƙwashe a kan kujerun yara. An baje kayan wasa a tebur kamar an kama su da laifi. Mama na tsaye jikin bango.

Oga Barnabas ya buɗe fayil. “Mama, tambaya ɗaya ce. Me ya sa kin ƙona doki na yarinyana?”

“Ya lalace ne, Oga.”

Duk aka juya ga Madam. Nan ne wurin da za ta ce haka ne. Ta gyara gilashi, ta ɗauki wata babbar motar katako ta ɗaga sama.

“Ni dai ban san wannan ba. Kayana ba sa lalacewa. Ku duba wannan, da hannuna na zaɓe ta a Landan, har yau ko ƙwarzane babu. Abin da Rebeka ke yi da su a gida, ita ta sani.”

Lydia ta ce, “Kun ji ko!”

Ana cikin haka aka ji keke ya jingina da bango. Baba Zacchaeus ne, garin katako har gira. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa gulma ba ta isa wurinsa, kuma in zai yi magana sai ya ɗauka kowa irinsa ne. Ya je gidan Mama bai same ta ba, wata ta leƙo ta zana ta nuna masa hanya. Ya ajiye sabon jan doki a tebur.

“Rebeka, ga dokinki! Kin ƙona wancan ko? Madalla. Da na buɗe tsagar nan, kai, baƙi ƙirin, har wari. Yaro ya ci gaba da tsotsa wannan, sai asibiti.”

Oga Barnabas ya ce, “Baba, kai ne ka yi wannan doki?”

“Eh? Ɗaga murya!”

“Na ce kai ka yi?”

“Wa zai yi? Duk wanda ya fashe ni nake canjawa.”

Oga Barnabas ya rufe fayil a hankali, ya tashi daga 'yar kujerarsa ya tura wa Mama. Lydia ta shiga gyaran ɗankwali, ya ƙi ɗauruwa.

Madam ta yi murmushi. “To, wataƙila ɗaya ko biyu. Amma sauran, irin wannan...”

Sai a lokacin Baba ya lura da abin da ke hannunta. Fuskarsa ta washe.

“A'a, Madam, sannu! Motar nan tana nan? Ai ita ba ta taɓa dawowa gyara ba. Tana cikin na farkon da kika sa na yi miki, da za ki buɗe makaranta. Katako mai kyau ne. Tsohuwar ƙofar makewayin fasto ce.”