Yadda Goggo Dudu Ta Ci Jarrabawar Bak

Kun dai san Goggo Dudu, ƙanwar babanmu mai busasshen kifi a kasuwar Garuwa. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ba a isa a karanta littafin labari a gidanmu ba ta ji ba. Ni ke fassara mata daga Faransanci tana gyaran kifi. Kafin in buɗe baki za ta tare ni: "Wane iri ne, Habiba? In san da wane kunne zan saurara."

A shekarar hankalina a tashe yake. Na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, Baba ya ce in na sake faɗuwa boko ya ƙare, sai tsaron shago. Adabi ke kayar da ni, ire-iren labarai duk sun cakuɗe mini.

Ran nan na ɗauko littafin binciken kisa. Shafi uku kacal ta ce, "Direban ne."

"Goggo, direba ko tari bai yi ba."

"Shi ya sa. A irin wannan labarin mai shiru ake sa wa ido."

Ashe matar gidan ce ta yi kisan. Goggo ko gezau, wai marubucin ne bai san direban sosai ba.

Na masoya kuwa daga ƙarshe take farawa. "Sun yi aure? To na soyayya ne, karanto. Ɗaya ya mutu? Na ban tausayi ne, ajiye sai na tashi kasuwa, kada in jiƙa wa mutane kifi."

Da muka zo kan labarin wasu da suka tashi sama, ta ce, "Da inji ko da aljani?"

"Da inji."

"Na kimiyya ke nan, ƙaryar 'yan boko. Mai aljani ƙaryar kakanninmu ce, ita ba ta shan fetur."

Wallahi da na sake zama jarrabawar, bambancin waɗannan biyun aka tambaye mu. Na rubuta bayanin Goggo, na dai cire fetur ɗin, na kuwa ci. Na iske ta a rumfa ina hawaye, ta ce, "Maki nawa suka ba ni?"

"Sha huɗu cikin ashirin."

"Ke kika zubar da shidan wajen fassara."

Yau ni ke koyar da adabi a garin Tcholliré, albarkacin matar da ba ta taɓa zama a aji ba. Na gode, Goggo. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki.