Ƙarshen Kaset ɗin Inna Kulu

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai waya ta yi ƙara. Hajara ce, babbar 'yar Inna Kulu, daga Sabon Birni. Tun daga sallamarta na san ba lafiya ba, domin Hajara ba ta taɓa kirana ba tare da ta fara da tsokana ba. Ta ce, "Yaya Dije, sai haƙuri. Inna ta cika yanzu da sahe." Na yi salati, na ajiye farantin a ƙasa, kaji suka taru suna ci ina kallon su, ban iya ko ɗaga hannu na kore su ba. Inna Kulu ta haura tamanin, ta kuma daɗe tana jinya, saboda haka babu wanda zai ce mutuwar ta zo ba zato. Duk da haka na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ba ita ta haife ni ba, ba mu kuma haɗa dangi ba. Maƙwabciyar gwaggona ce. Yaran yanzu sun san ta a matsayin tsohuwa mai carbi da faɗa in an bar ƙofa a buɗe. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun fari mun san ta da wani suna, Kulu Mai Bidiyo, kuma a kan wannan sunan nake so in yi magana.

Mijinta Alhaji fatauci yake yi tsakaninmu da Maraɗi. A wata tafiya ya dawo da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto, da kwali guda na kaset-kaset da aka haɗa masa, bai ma san abin da ke ciki ba. Shi don a ce yana da su ya saya. Inna ce ta mayar da su abin amfani. A lokacin gero yana ƙonewa tun kafin ya fid da kai, maza sun watse cin rani, an bar mata da yara da rumbunan da babu komai a ciki. Bayan azahar sai ta shimfiɗa tabarmi a ɗakinta ta tayar da janareto, mata su cika ɗakin har bakin ƙofa. Mai ɗan tsaki ta kawo, mai kuka ta kawo, wadda ba ta da komai ta kawo kanta, ba a taɓa mayar da kowa ba.

Yawancin kaset ɗin na Indiya ne, kuma a wancan zamani ba a fassara fim. Inna ce mai fassara. Ba ta san kalma ɗaya ta yarensu ba, amma haka za ta zauna kusa da talabijin tana zuba mana bayani ba ko gargada. Jarumi ya buɗe baki sau ɗaya, Inna ta yi masa jawabi mai tsawo har da gaisuwar surukai. In wata ta ce, "Kai Inna, duk shi yaf faɗi wanga?" sai ta harare ta ta ce, "Ni ba ni jin Indiyanci, amma ina jin mutane." Mun sha dariya a ɗakin nan da cikinmu babu komai.

Akwai kaset uku ko huɗu da mata suka fi nema, duk labarinsu kusan ɗaya ne. Mugaye su tare yarinya su yi mata fyaɗe, a rasa mai tsaya mata, sai ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan da wuƙa, wancan da wuta, har ta gama da su. Jini ne ko'ina. Inna tana da ƙa'ida biyu a kan waɗannan. Ta farko, da an zo wurin da za a ci wa yarinyar mutunci, sai ta ɗauki babban faifai ta rufe fuskar talabijin, ta rage murya, har a wuce. Takan ce, "Wadda anka zalunta ba a taruwa a kalle ta." Ta biyu, da mugu na ƙarshe ya faɗi, mata suka kaure da guɗa, sai ta miƙe ta kashe janareto. Gwangwani ɗaya na fetur Alhaji yake ba ta a rana, ba ta yarda ta ƙone shi a banza. "An kashe mugu, mi yar rage? Ku tashi ku aza tukunya." Saboda haka duk matan unguwar, har da ni, mun ɗauka a nan fim ɗin yake ƙarewa.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa rubuta shi ba, kuma na nemi shawarar 'yata kafin in rubuta.

Ni 'yar ƙauyen Tsamaye ce. A shekara ta biyu ta farin, mijina yana kudu cin rani, ina goyon 'yata Rabi. Rijiyoyinmu sun ƙafe, sai mun yi tafiya mai nisa zuwa gulbi mu tona yashi mu jira ruwa ya tsattsafo. Wata rana na makara, abokan tafiya suka riga ni dawowa. A hanya wani mutum ya tare ni ya yi mini fyaɗe. Na san shi, kowa ya san shi, mai sayar da igiya da guga ne da yake bin kasuwanni, rumfarsa tana kasuwar garin Isa. Na koma gida na ce tuluna ne ya faɗi ya fashe. Na daina cin abinci, na daina magana, aka ce iska ce ta taɓa ni, aka kai ni Sabon Birni wurin gwaggona in sha magani. Gwaggo ce ta ja ni ɗakin Inna Kulu don in ga mutane.

Ranar da na fara ganin kaset ɗin yarinyar nan, wani abu ya tashi a ƙirjina wanda na ɗauka ya mutu. Na ga mace irina, an yi mata abin da aka yi mini, kuma ba ta zauna tana ramewa ba. Na koma washegari, na koma jibi. Kullum in Inna ta tambayi wanne za a sa, ni da ba na magana sai in nuna shi da yatsa. Gwaggo tana murna wai na fara samun sauƙi. Ba ta san na sayar da 'yan kunnena na sayi wuƙa wurin maƙera ba. Na ɗaure ta a ƙuguna cikin zane, na yanke shawara ranar kasuwar Isa mai zuwa zan hau mota in je rumfarsa in soke shi a gaban mutane. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba, domin a fim ɗin da na sani babu abin da yake biyo baya.

Ana gobe kasuwa, aka gama kallo, aka kashe janareto, mata suka fita. Na miƙe da Rabi a bayana sai Inna ta ce, "Dije, tsaya ki kama mani naɗe tabarmi." Da ɗakin ya zama mu kaɗai ta sakaya ƙofa ta ce, "Kawo abin da ke ƙugunki."

Na ce babu komai.

Ta ce, "Ɗiyata, kowa na guɗa in an kashe mugu, ke ɗai ba ki yi. Hannun yarinyar kike kallo, yadda taka riƙon wuƙa. Kuma kwana ukku ke nan kina zama a karkace. Zamna, akwai abin da ban taɓa gwada maku ba."

Ta fita ta zuba fetur ɗin gobe a janareto, ta dawo ta kunna daga inda ta tsayar. Ashe da sauran fim. 'Yan sanda suka zo suka sa wa yarinyar ankwa. Aka tura ta cikin mota, ɗanta ƙarami yana bin motar da gudu yana kuka, wata tsohuwa ta riƙe shi yana fizgewa. Aka nuna ta a kotu, aka nuna ta zaune ita kaɗai a bayan ƙarafa, gashinta ya fara fari. Inna da ba ta iya barin jarumi ya yi tari ba tare da ta fassara ba, ranar ba ta ce uffan ba. Ina jin numfashin Rabi a tsakanin kafaɗuna, tana barci.

Na kwance wuƙar na jefar a tabarma, na ce cikin kuka, "To in ƙyale shi ke nan, Inna? In yi haƙuri?"

Ta ce, "Wa yac ce ki ƙyale shi? Ni ban ce ki yi haƙuri ba. Cewa niy yi kar ki ba shi ɗiyarki bayan abin da yar riga yak ƙwace." Ta ɗauki wuƙar ta duba kaifinta ta sa a cikin kwandon albasarta. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa zato ba. Ta ce in ta ɗora faifai a talabijin, ita fuskokinmu take kallo. Mafi yawa sukan yi tsaki su ƙosa a cire, amma akwai masu sunkuyar da kai su kama gefen zane su murɗe. Ta ce, "Ku huɗu na. Ba ni hwaɗa maki sunayensu, kamar yadda ba ni hwaɗa masu naki."

Ba ta faɗa ba kuwa, har ta koma ga Allah. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a asirce. Uku daga cikinmu mutum ɗaya ne ya tare mu a hanyar ruwa, ta huɗu nata wani ne daban. A cikin mu ukun, ɗaya ta ce ba za ta iya magana ba, Inna ta ce ba komai, ba ta sake tayar mata da zancen ba. Ni da ɗayar muka yarda mu kai ƙara gaban alƙali a Isa. Alhaji ya so ya zame daga raka mu, yana cewa maganar za ta ɓata masa hulɗa da 'yan kasuwa, Inna ta ce to ya zauna, ita za ta ɗauki mayafinta ta tafi Isa, mutane su tambaye ta ina mijinta. Da safe shi ya riga mu shiga mota.

Ta roƙi alƙali a saurare mu ba a gaban taro ba, kuma kowacce ita kaɗai, aka yi mata haka. Mutumin ya yi ta rantsuwa bai taɓa ganinmu ba. Amma ni da ɗayar, ba mu ji bayanin juna ba, duk mun ambaci tabon ƙuna da ke ƙarƙashin rigarsa a kafaɗar hagu. Aka sa ya tuɓe, ga tabo. An ɗaure shi. Ba zan yi ƙarya ba, hukuncin bai kai yadda zuciyata ta so ba, na daɗe ina jin haushin haka, babu kuma wanda ya yi guɗa. Magana ta fita kamar yadda takan fita, na sha kallo da ƙus-ƙus. Da mijina ya dawo, Inna ta aika aka tare shi tun a tasha aka kawo mata shi kafin 'yan tsegumi su same shi. Ban san abin da ta gaya masa ba. Ya yi kusan wata ba ya iya haɗa ido da ni, daga baya ya ɗauki tulu ya fara raka ni gulbi, muka zauna tare har rasuwarsa.

Inna ba ta daina sa waɗannan kaset ba. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce matan da aka hana su kuka a gida suna bukatar wurin da za su yi ihu. Abu ɗaya ta canza, tun daga ranar ba ta sake kashe janareto kafin ƙarshe ba. Mata suka yi ta ƙorafi wai ta ɓata musu fim, Alhaji ya yi ta ƙorafin fetur, ta bar su suna yi. Ita ce kuma ta matsa mini na shiga makarantar yaƙi da jahilci, wai mai ba alƙali bayani tiryan-tiryan ba ta da hujjar zama ba karatu.

Ranar sadakar uku na je Sabon Birni tare da Rabi, duk da yadda hanya ta zama abin tsoro a yanzu. Bayan an yi addu'a Hajara ta ja mu ɗakin Inna, ta miƙo mini wani abu naɗe a tsumma. Ta ce, "Inna tac ce in ta cika a ba ki. Ban san dalili ba, wuƙar albasarta ta, tun muna yara ba ta bari kowa ya taɓa ta." Na warware. Wasawa ta cinye ta har ta zama siririya, an sake mata ƙota, amma na gane ta. Rabi, wadda yanzu take da 'ya'ya biyar, ta dube ni ta ce, "Mene ne na kuka a kan tsohuwar wuƙa?" A mota muna dawowa na gaya mata komai, ta riƙe hannuna har muka sauka. Ita ce ta ce in rubuta.

Ya Allah, baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ta suturta bayinka a ranar da ba su da mai suturta su, ka suturta ta da rahamarka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Hajara da ƙannenta da jikoki haƙurin wannan rashi, ka haɗa kansu a bayanta. Matan da ake tarewa a hanyoyinmu a yau, ka kai musu ɗauki, ka ba su mai lura da fuskokinsu kamar yadda ka ba mu. Kuma ka saka mata da alheri a madadin Rabi, wadda ta girma a hannun uwarta. Amin.