Bismilla Fuɗu

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, ranar Litinin ta makona na biyu a cibiyar, na dawo daga sallar Azahar na tarar da kwamfutoci arba'in suna ta juya ɗan zobe a fuska, babu wadda ta buɗe. Ɗalibai sun yi tagumi. Na duba agogon wayata na rubuta lokacin a bayan littafina, don ban san abin da zan yi ba sai wannan.

Makarantarmu ce ta turo ni koyon aiki a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Tambuwal. Kwamfutocin ba su ajiye komai a cikinsu. Idan an kunna ɗaya, sai ta bi waya ta ɗauko duk abin da take bukata daga wata babba da ke ƙuryar ɗaki, wadda muke kira saba. Da safe lafiya lau suke tashi. Da rana ne suke gagara.

Masu duba cibiyoyi za su zo ranar Alhamis ta sama, bayan Azahar. In suka ga haka, ba za a yi jarrabawa a nan ba, sai Sakkwato. Ƙanwata tana cikin masu zanawa, kuma Baba ya riga ya ce daga Kebbe zuwa Tambuwal a kan babur ya yarda, amma kwana a birni babu.

Malamin da ke riƙe da cibiyar dattijo ne, tsohon malamin lissafi. Shi ya ce zafi ne, aka ƙara fanka. Mai gyara ya ce wayoyi ne, muka sake guda bakwai. Ni kuwa na ɗauki biro. Na ja layi a littafina, na riƙa gwadawa idan ɗaki ya yi sarari. Ɗaya ita kaɗai, sakan hamsin. Goma tare, kusan minti biyu. Na cire hoton da ke fitowa a fuska, na rage abubuwan da ke tashi tare da ita, na samu ragin sakan shida. Na ji daɗin sakan shidan nan fiye da kima. Amma washegari da rana sai da muka yi minti goma sha uku muna kallon zobe.

Abin da ban lura da shi ba, ban taɓa ganin farkon abin ba. Maza suna salla a masallacin bakin titi, mu mata sai mun shiga wani gida a bayan layi, kullum mu ke zuwa a ƙarshe.

Ranar Talata, saura kwana biyu, ina fashin salla, sai na zauna a kusurwa da littafina. Aka kashe injin wuta ya huta kamar kullum, kwamfutoci suka mutu. Aka idar, aka tayar da shi, maza suka shigo a tare suka zauna. Babu wanda ya taɓa komai. Kowa ya ɗora yatsa a kan madanni yana jiran Malam, don gaba da shi rashin kunya ne. Ya rataye carbinsa, ya ce, "Bismillah."

Yatsu suka danna lokaci guda. Na kalli fitilun saba suna ƙyaftawa ba tsayawa.

Da safe kuwa ba a jiran kowa. 'Yan gari su fara zuwa, sai 'yan Sanyinna, sai 'yan Jabo, 'yan Kebbe a ƙarshe da laka a ƙafar wando. Kowa ya kunna tasa.

Bayan an tashi na gwada. Sahu huɗu ne, goma-goma. Na kunna na farko, na jira minti ɗaya da rabi, na kunna na biyu. Kafin minti bakwai duka sun buɗe. Na maimaita sau uku, don kada in je da magana ɗaya.

Faɗa wa Malam ne ya fi mini wuya. Ta yaya zan ce wa dattijo bismillarsa ce? Ranar Laraba na tsaya a bakin ofishinsa har ya ɗago. Na durƙusa na miƙa littafin a buɗe.

"Mi kinka gani, ɗiyata?"

Na yi bayani ina kallon tabarma. Na ce ba kalmar ba ce, haɗuwar ce. Na tambaye shi ko zai yarda a riƙa kunnawa sahu-sahu.

Ya bi lambobin da yatsa, layi bayan layi, kamar mai duba takardar jarrabawa. Ya daɗe a shafi na uku. Sannan ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Ni nika jan sahu, ashe ni nika toshe hanya," in ji shi. "To, gobe bismilla fuɗu za ni yi. Ki tsaya kusa da ni da agogonki, sai kin ɗaga hannu in faɗi ta gaba."