Aiken da ke tahiya cikin jini

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, a sankiyam, aji biyu na sakandare, na bar lakkwal. Amma don Yaya Sani ya cika shekara biyar da rasuwa, ni anka ɗora wa rubutu. Wai na hi kowa baki.

Yaya mushe ne, wato malamin lakkwal, na kimiyya nan Dogon Dutsi. Ciwon daji ya kama mai hanji, ya koma hanta. Gwaggo Ladi ta Lugu ta zo dubiya ta ce aike anka yi mai, wato sammu. Yaya ya yi dariya ya ce gaskiyarta, aike ne, amma daga cikin gida. Ya ce ƙwayoyin jiki na ɗaure saƙo cikin 'yan ƙunshi, ido ba ya ganinsu, su sako su cikin jini. Egzozom, in ji shi. Ƙwayar daji ma haka take aika nata, a share mata masauki a hanta tun ba ta iso ba. Na ce ashe 'yan kabu-kabu ne. Ya ce i, sai dai su ba su tsayawa shan shayi.

Ya so a ce wata rana likita zai tare ƙunshin cikin jini, ya karanta da wuri. Shi dai bai gani ba. Da zai leƙo yau, haushi zai kashe shi karo na biyu.

Don Inna, wadda ta haihe mu, wata uku ke nan tana ɓoye ƙullutu a nono. Ranar sadakar Yaya maganar ta hito. Gwaggo ta ce aiken nan ne ya dawo, a kai ta Lugu wajen masu tsahi. Kabiru, wanmu mai shago, ya ce wannan shirka ce. Sunka kwashe hantsi suna musu, Inna na tsakiya tana tsintar gero. Ba wanda ya ce asibitin Dosso.

Littattahan Yaya gara ta ci. Abin da ya rage, wannan 'yar maganar ce cikin kan jahili irina. Na tada babur.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nema, ina za ka kai ta? Aike ne hwa."

Na ce, "Na yarda, Gwaggo. Aike sana'ata ce, wanda ya riga isa shi ke da magana. Inna, hau."