Gangunan da Twila Ta Manta a Fili

Shekara talatin yayata Twila tana tseren kewaya ganga a kan doki a Oklahoma, ba ta san tsoro ba sai da goɗiyarta ta ji ciwo a jijiyar ƙafa. Bayan wata takwas likitan dabbobi ya ce Twila ta hau ta, amma tafiya kawai, ban da juyi.

Ranar da ta hau, sai ta manta ba ta kwashe gangunan daga fili ba. Goɗiyar na hango su ta fizge linzami, ta kewaye ta farko a guje.

Twila ta diro ta dafe ƙafar goɗiyar.

Na ce, "Yaya, wane irin sakarci ne wannan? Ƙafar ta yi zafi?"

"Rufe min baki! Hannuna rawa yake, ba na jin komai."

Ƙafar ta tsira, amma Twila ba ta ƙara tsere ba. Gangunan, tumatir ta shuka a ciki.